Wa Za a Gode wa? Siyasar da Ke Bayan Rikicin Inshorar Lafiya a Amurka

Ranar 23 ga Maris, 2010, Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu a kan dokar da ta sauya tsarin inshorar lafiya a Amurka, wadda a yau kowa ke kira Obamacare. Kwana biyu kafin nan Majalisar Wakilai ta amince da ita da ƙuri'a 219, masu ƙi 212, kuma a cikin waɗanda suka ce e babu ɗan jam'iyyar Republican ko ɗaya. Haka aka yi a Majalisar Dattawa a jajibirin Kirsimetin 2009, ƙuri'a 60 da 39. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ɗauka jam'iyyun biyu sun yi hannun riga ne a kan abin da dokar ta ƙunsa. Ni kuwa ina ganin abin da ke cikin dokar shi ne ƙaramin dalilin rikicin. Babban dalilin shi ne tambayar da kowane ɗan siyasa ke yi wa kansa kafin ya ɗaga hannu: idan wannan abu ya yi kyau, wa jama'a za su gode wa?

Sai mun san yadda neman magani yake a can kafin mu gane nauyin maganar. Amurka ba ta da tsari irin na Birtaniya, inda mutum zai shiga asibitin gwamnati a duba shi ya fito bai biya komai ba. Yawancin ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshora. Wanda ya kai shekara 65 yana shiga shirin gwamnati mai suna Medicare, wasu rukunan matalauta kuma suna da Medicaid. Wanda ya faɗo tsakani, irin su ɗan tireda, mai aikin ƙwadago, mai yi wa kansa sana'a ko wanda aka sallama daga aiki, sai ya sayi inshora da kuɗinsa. Kafin 2010 kamfani na da damar ya dubi takardunka ya ga kana da ciwon suga ko an taɓa yi maka maganin kansa, ya ce ba zai ɗauke ka ba, ko ya tsawwala maka kuɗin da ba za ka iya biya ba. A shekarar da aka kafa dokar, kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen ƙasar, wajen mutum miliyan 48, ba su da inshora ko kaɗan.

A 2007 wani babban jami'in wani kamfanin inshora, Wendell Potter, ya je filin baje kolin gundumar Wise a jihar Virginia, inda likitocin sa-kai ke zuwa duk shekara su duba mutane kyauta. Ya tarar da ɗaruruwan mutane a layi cikin ruwan sama, wasu a mota suka kwana don kada a riga su, ana duba marasa lafiya a cikin rumfunan da ake ɗaure dabbobi ranar baje koli. Bai daɗe ba ya ajiye aikinsa, a 2009 kuma ya tsaya gaban Majalisar Dattawa ya ba da shaida a kan yadda kamfanoni ke neman hanyar rabuwa da masu rashin lafiya. Wannan a ƙasar da ke kashe wajen kashi 17 cikin ɗari na dukan arzikinta a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Dokar Obama ta hana kamfanoni korar mutum saboda cutar da yake ɗauke da ita. Ta wajabta wa kowa ya mallaki inshora ko ya biya tara. Ta ba masu ƙaramin ƙarfi tallafin kuɗin saye, ta kuma faɗaɗa Medicaid ya haɗa da duk wanda abin da yake samu bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba. Batun wajabtawar shi ya fi tayar da ƙura, amma dalilinsa a fili yake. Inshora kamar asusun taimakon juna ne na 'yan kasuwa, idan aka bar kowa sai ranar da ya kwanta ciwo sannan ya fara zubi, asusun ba zai kai ƙarshen shekara ba.

To, wa ya fara kawo wannan dabara ta wajabtawa? A 1989 cibiyar Heritage Foundation, wadda ke sahun gaba a cibiyoyin nazari na masu ra'ayin riƙau, ta wallafa shawarar Stuart Butler cewa a wajabta wa kowane gida ya sayi inshora. Hujjarsa ita ce bai kamata mutum ya ƙi biya ba, ranar da ya yi hatsari a kai shi asibiti a ɗora wa sauran jama'a kuɗin. A 1993 Sanata John Chafee na Republican ya kawo ƙudiri mai ɗauke da wannan wajabci, kuma cikin waɗanda suka mara masa baya har da manyan sanatocin Republican irin su Bob Dole da Orrin Hatch da Chuck Grassley. A watan Afrilun 2006 gwamnan jihar Massachusetts, Mitt Romney, shi ma ɗan Republican, ya sa hannu a kan dokar jiha mai wannan fasali a birnin Boston, ga Sanata Ted Kennedy na Democrat tsaye a bayansa. Har gobe Massachusetts ce jihar da ta fi ƙarancin marasa inshora a ƙasar. Abin da mutane suka manta kuma shi ne, a zaɓen fid da gwani na 2008 Obama da kansa ya yi ta sukar Hillary Clinton saboda tana son wajabta wa manya sayen inshora. Ya hau mulki ya rungumi abin da ya soka. Su Hatch da Grassley kuma suka dawo suna cewa wajabcin ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Romney ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2012 yana alƙawarin soke dokar da aka gina a kan tasa.

Mutum na iya sauya ra'ayi, wannan ba laifi ba ne. Amma idan jam'iyya guda ta sauya ra'ayi gaba ɗayanta a daidai lokacin da abokin hamayya ya karɓi shawararta, dole a nemi dalili a wani wuri. Kuma ba sai mun yi zato ba, domin sun faɗa da bakinsu, wasu ma sun rubuta.

A watan Disambar 1993, lokacin da Shugaba Bill Clinton ke ƙoƙarin kafa nasa tsarin lafiya, wani mai tsara wa Republican dabaru, William Kristol, ya rubuta wa shugabannin jam'iyyar takarda. Ya ce kada su yi ciniki, kada su nemi gyara, su kashe ƙudirin ɗungurungum. Dalilin da ya bayar ya kamata kowa ya karanta shi sau biyu. Ya ce idan shirin ya wuce, ko ta wace siffa, zai farfaɗo da sunan Democrat a matsayin jam'iyyar da ke kare muradin masu matsakaicin hali. Wato nasarar shirin ce abin tsoro a wajensa. Aka bi shawararsa, ƙudirin Clinton ya mutu a watan Satumbar 1994 ba a ko kaɗa masa ƙuri'a a zauren majalisa ba, a watan Nuwamba kuma Republican suka karɓe Majalisar Wakilai karo na farko cikin shekara 40. Daga ranar duk ɗan siyasar Amurka ya san cewa hana ruwa gudu yana biya.

Da aka dawo kan maganar a 2009, darasin na nan daram a zukatansu. A watan Yuli Sanata Jim DeMint na Republican ya gaya wa magoya bayansa cewa idan suka tare Obama a kan wannan batu, zai zame masa Waterloo, wato filin dagar da aka karya Napoliyon, kuma hakan zai karya shi. A cikin wannan magana babu majinyaci, babu asibiti, babu kuɗin magani. Shugaban 'yan Republican a Majalisar Dattawa, Mitch McConnell, ya bayyana wa 'yan jarida daga baya cewa sun yi aiki tuƙuru don kada a ga hannunsu a cikin ƙudirorin Obama, saboda da zarar an ce jam'iyyun biyu sun haɗu a kan abu, jama'a za su ɗauka abin kirki ne. A watan Oktoban 2010 ya ce babban abin da suke son cimmawa shi ne Obama ya yi wa'adi ɗaya ya tafi.

Ana cikin haka wasu sanatoci shida, uku daga kowace jam'iyya, suka shafe watanni suna zama a ƙarƙashin Sanata Max Baucus na Democrat don neman matsaya. Grassley na cikinsu. A watan Agusta ya koma jiharsa ta Iowa ya tsaya gaban taro ya ce mutane na da haƙƙin su ji tsoron shirin gwamnati da zai yanke shawarar cire wa kaka na'urar numfashi. Sarah Palin, tsohuwar gwamnar Alaska 'yar Republican, ta riga ta yaɗa wannan zance a Facebook, cewa dokar za ta kafa kwamitocin da za su zaɓi wanda zai rayu da wanda za a bari ya mutu. Abin da ke cikin ƙudirin kuwa shi ne a biya likita ladan zaman da ya yi da tsoho, idan tsohon ya nema, don su tattauna irin kulawar da yake so a ƙarshen rayuwarsa. Ƙarya ce tsagwaronta, an kuma tsoratar da tsofaffi da ita da gangan. Zaɓen tsakiyar wa'adi na 2010 ya zo, Republican suka ƙara kujera 63 a Majalisar Wakilai. Hana ruwa gudu ya sake biya.

Ba zan ce duk wanda ya ƙi dokar nan don siyasa ya ƙi ta ba. Akwai Amurkawa da dama da suka yi imani har zuci cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin tilasta wa mutum sayen wani abu daga kamfani, kuma wannan ra'ayi ya girmi Obama nesa ba kusa ba. Akwai magidanta masu sana'ar kansu da samunsu ya ɗan haura iyakar tallafi, suka ga kuɗin inshorarsu na wata-wata ya yi tashin gwauron zabi, ƙorafinsu kuma gaskiya ne. Su ma Democrat ba su fito da tsabta ba. Obama ya yi ta nanata cewa duk wanda ke son inshorar da yake da ita zai ci gaba da riƙe ta, a ƙarshen 2013 kuwa miliyoyin mutane suka sami takardun soke nasu. Shafin intanet da aka buɗe don rajista a watan Oktoban shekarar ya ƙi aiki makonni. Don a sami ƙuri'ar Sanata Ben Nelson sai da aka sa wa jiharsa ta Nebraska wata garaɓasa ta musamman a cikin ƙudirin, wadda aka cire bayan an yi ta tofin Allah tsine. Fadar White House ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 80 da kamfanonin magunguna don kada su yaƙi dokar, aka kuma bar batun ba gwamnati damar yin ciniki a kan farashin magani. A 2003 ma, lokacin da Shugaba George W. Bush ya kawo dokar ƙara wa tsofaffi tallafin magani a Medicare, yawancin 'yan Democrat ƙi suka yi, kuma ban yarda cewa lissafin zaɓen 2004 ba ya cikin dalilansu ba.

Duk da haka laifin bai zo daidai ba, kuma ba adalci ba ne a raba shi biyu don a ce an yi adalci. Wanda ya kawo doka mai kurakurai yana neman rufe wata ɓaraka daban yake da wanda ya ɗaura ɗamarar ganin ɓarakar ta ci gaba don kada a yaba wa abokin hamayyarsa. Inda wannan ya fi fitowa fili, ya kuma fi ci mini rai, shi ne batun Medicaid.

A watan Yunin 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, Alƙalin Alƙalai John Roberts na cikin biyar ɗin, amma ta ce kowace jiha na da zaɓin ta faɗaɗa Medicaid ko ta ƙi. Dubi tayin da aka yi wa jihohi: gwamnatin tarayya za ta biya dukan kuɗin sababbin masu shiga daga 2014 zuwa 2016, daga nan ya riƙa sauka a hankali har ya tsaya a kashi 90 cikin ɗari. Mutanen kowace jiha suna biyan harajin tarayya da ake yin wannan hidima da shi, ko jiharsu ta karɓa ko ba ta karɓa ba. Amma gwamnoni da majalisun jihohi da yawa na Republican suka ce ba sa so. A Teksas, baligin da ba shi da 'ya'ya kuma ba naƙasasshe ba ne ba ya samun Medicaid komai talaucinsa, tallafin sayen inshora kuma sai wanda samunsa ya kai ma'aunin talauci ake ba. Sai ka ga mai wanke-wanke a gidan abinci ya rasa duka biyun, domin bai cancanci wannan ba a idon jiha, bai kuma kai wancan ba a idon tarayya. Teksas ce ke kan gaba a yawan marasa inshora a duk ƙasar. Gwamnan da ya ƙi wannan kuɗi yana da inshorarsa, iyalinsa ma suna da ita.

Abin da ke tabbatar mini cewa lissafin 'yan siyasa ne, ba ra'ayin talakawansu ba, shi ne abin da ya faru a kusan duk inda aka miƙa tambayar ga masu zaɓe kai tsaye. Jihar Maine ta amince da faɗaɗawar ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 2017. Idaho da Nebraska da Utah suka bi a 2018, Oklahoma da Missouri a 2020, South Dakota a 2022. In ban da Maine, duk jihohi ne da ke zaɓen Republican ba tare da wata tantama ba. A Maine gwamna Paul LePage na Republican ya ƙi aiwatar da abin da jama'a suka zaɓa har ya bar mulki. A Missouri majalisar jiha ta ƙi ware kuɗin sai da kotun ƙolin jihar ta sa baki a 2021. A Kentucky kuwa, inda gwamna Steve Beshear na Democrat ya sa wa shirin sunan gida, Kynect, mutane suka yi ta rububin rajista, cikinsu har da masu cewa ba sa ƙaunar Obamacare, alhali abu ɗaya ne. Mu ma nan mun san yadda sabon gwamna ke barin asibitin da wanda ya gada ya fara ginawa ciyawa ta cinye, don kada a riƙa kiran ginin da sunan wancan. Bambancin kawai shi ne can an yi abin da takardu da lauyoyi.

'Yan Republican a Majalisar Wakilai sun kaɗa ƙuri'ar soke dokar ko datse wani sashenta fiye da sau 50 a zamanin Obama, suna sane da cewa ba zai sa hannu ba. A watan Oktoban 2013 aka rufe ma'aikatun gwamnatin tarayya kwana 16 a kan yunƙurin hana dokar kuɗi. Sai ga 2017 ta zo, Donald Trump na fadar shugaban ƙasa, majalisun biyu na hannunsu, babu mai tare su. Nan ne ta bayyana cewa shekara bakwai ana cewa a soke a musanya, amma ba a taɓa zama an amince da abin da za a musanya da shi ba. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa ƙudirin da Majalisar Wakilai ta amince da shi zai ƙara yawan marasa inshora da mutum miliyan 23 cikin shekara goma.

Da tsakar daren 28 ga Yuli, 2017, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, aka zo ƙuri'ar ƙarshe a Majalisar Dattawa a kan ƙudirin soke wasu sassan dokar. Sanatoci biyu na Republican, Susan Collins da Lisa Murkowski, sun riga sun ce a'a. Sanata John McCain, shi ma ɗan Republican, wanda kwanaki kaɗan kafin nan aka sanar yana da kansar ƙwaƙwalwa, ga tabon tiyata a saman idonsa na hagu, ya tako zuwa gaban zauren, ya miƙa hannun dama, ya ɗan dakata, sannan ya juya babban yatsansa ƙasa. McConnell na tsaye kusa da shi ya harɗe hannuwa a ƙirji. Aka tashi 49 da 51. McCain bai taɓa son dokar Obama ba, ya ƙi ta a 2009. Abin da ya ƙi a wannan dare shi ne a rushe abin da miliyoyin mutane suka dogara da shi ta hanyar ƙudirin da aka fito da shi sa'o'i kaɗan kafin ƙuri'a, wanda wasu daga cikin masu goyon bayansa ma suka fito fili suka ce ba sa son ya zama doka. A ƙarshen shekarar aka soke tarar rashin inshora ta cikin dokar haraji, sauran dokar kuma ta tsaya.

Abin da Kristol ya ji tsoro a 1993 ya tabbata. Yawan marasa inshora ya sauko ƙasa da kashi 9 cikin ɗari zuwa 2016. Iyaye sun saba da barin 'ya'yansu a kan inshorarsu har shekara 26. Masu ciwon suga da hawan jini sun saba da cewa ba mai korarsu. A zaɓen 2018 Democrat suka karɓe Majalisar Wakilai da yaƙin neman zaɓen da aka gina kusan kacokan a kan kare masu tsohuwar cuta, har 'yan takarar Republican da suka kaɗa ƙuri'ar sokewa suka koma suna tallan cewa su ma za su kare su. Daga nan dokar ta zama jarin Democrat, su ma suka koyi cin moriyarta duk zaɓe. Ƙarin tallafin da suka kawo a 2021 na wucin gadi suka yi shi, suka tsawaita shi zuwa ƙarshen 2025 kawai, wanda ke nufin an bar miliyoyin iyalai suna jiran sakamakon wani sabon faɗa kafin su san nawa za su biya.

Faɗan kuwa ya zo. A watan Yulin 2025 Trump ya sa hannu a kan dokar da ta rage kuɗin Medicaid ta kuma gindaya sharaɗin nuna shaidar aiki, ofishin kasafi na majalisa ya ce za ta raba mutum wajen miliyan 10 da inshora nan da 2034. A ranar 1 ga Oktoba aka sake rufe gwamnati a kan batun tsawaita tallafin, aka yi kwana 43, rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa lokacin, aka buɗe ba tare da an tsawaita shi ba, sai alƙawarin za a kaɗa ƙuri'a daga baya. A shekarar fiye da mutum miliyan 24 ne suka sayi inshora ta ƙarƙashin wannan doka, mafi yawansu kuma a jihohin da suka zaɓi Trump a 2024 suke zaune, Filorida da Teksas na kan gaba. Waɗannan jihohi biyu suna cikin goman da har zuwa lokacin ba su faɗaɗa Medicaid ba.